Wayar da Baba Saje Ya Goge

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta ba a tasharmu ta 'yan kabu-kabu. Da na kafe babur a gindin dalbejiyar bakin kasuwar Zuru sai a zagaye ni. Ishaku yaya teku? Ishaku da gaske ne mata ke tuƙa babur? Ishaku ina tsarabarmu? Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma duk bayarwa sai na tsallake wani wuri. To ga shi nan gaba ɗaya, har da wurin da nake tsallakewa. Wanda ya ƙara tambayata sai in miƙa masa ya karanta da kansa.

Wanda na je wurinsa Ɗanladi ne, ɗan Baba Saje Audu, tsohon sojan nan na ƙauyenmu Manga. Danga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, a tsakar gidansu na ci tuwon da ya girmar da ni. Da muka isa shiga golmo, noman da samarinmu ke yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba su ita, Ɗanladi ya riƙe garma damina ɗaya ya ce bayansa ba na wannan aikin ba ne. Ya bi motar doya ya ɓace. Sai labari muka ji yana Legas, daga baya aka ce yana Kwatano yana sayar da manyan wayoyi. Ni na tsaya. Na gama golmona na auri Rifkatu, kuma tun da gwiwar Baba Saje ta fara ciwo ni ke nome masa gona, ni ke goya shi a babur zuwa asibiti, ni ke tsaya masa a layin fansho. Amma ka zauna da tsohon nan rabin yini, sunan Ɗanladi za ka ji har kunnenka ya yi zafi. Ba na ɓoyewa, abin yana ci mini rai.

Bara Ɗanladi ya aiko masa da waya irin wadda ko shugaban ƙaramar hukuma ban ga ya riƙe ba. Ni na buɗe kwalin. Sanyi gare ta a hannu kamar dutsen rafi, ba ta da nauyi sosai amma ka san ka riƙe abu. Na juya ta ina neman inda aka haɗa bayanta da gefenta in sa farce, ban samu ba. Tawa kuwa ta roba ce, in ta faɗi sai ta rabu uku, murfi can, batir can, in tsince in mayar in ɗaure da kyauro. Kowace Lahadi bayan an taso daga coci Ɗanladi kan yi kiran bidiyo, tsoho ya sa rigarsa mai aljihu biyu ya zauna a kan dutsen ƙofar gida suna hira. Sai kawai aka wayi gari ya kashe wayar. In Ɗanladi ya kira tawa ya ce a ba shi Baba, tsoho ya kaɗa mini hannu, ni kuwa in ce ya fita. Ban san dalili ba, ban kuma matsa da tambaya ba.

Ana haka matar Ɗanladi ta haifi namiji, ya aiko a zo baftisma. Baba Saje ya ce gwiwa ba za ta bar shi ba, ni in je a madadinsa. Ana gobe zan tashi ya kira ni ɗakinsa da hantsi, ya saki labule, ya buɗe akwatin ƙarfensa na bariki. Ya zaro wata tsohuwar safar soja, ya zazzage ta a kan gado.

Na daɗe ban gane wayar ba. Fuskar ta yi fari-fari kamar idon da yana ta rufe. Gefen da yake launin toka mai duhu ya koma fari ƙal, bayan duk zane ne, gilasan kamarar nan uku sun dushe.

"Baba, mi ya same ta?"

"Ni na same ta," in ji shi. "Na ga ba ta walƙiya. Na ce yaron ga ya kashe kuɗi an ba shi ƙarfe mai datti. Mu a bariki, abin da aka ba ka na ƙarfe, in babba ya zo duba kaya bai ga fuskarshi ciki ba, ka shiga uku."

Ya fara da man da yake goge kan bel da lambobin yabonsa. Da ya ga ba ta yi ba ya koma toka da lemun tsami. Daga nan ya aika aka ɗebo masa rairayin rafi mai laushi, irin wanda mata ke darje tukunya da shi. Kullum da safe yake yi, har ranar da Ɗanladi ya ce masa, Baba mi ya sami wayar, kamar kana zaune cikin hayaƙi? Ranar ya kashe ta.

"Ban iya yi mai ƙarya, ban kuma iya ce mai na lalata kayan da ya ba ni," ya ce. "Ka tafi da ita. An ce can akwai masu gyara. A maido ta yadda take. Amma Ishaku, in yaron ga ya ji, ni da kai ne."

Na yi masa alkawari. Rifkatu ta ɗaure mini ƙullin daddawa da kuka da gorar zuma ta mai jego, na cusa safar a aljihun cikin wando, na kama hanya.

Daga Zuru zuwa Koko ba sai na gaya muku ba, kun san hanyar, kun san ƙugunku bayan kun sauka. A Koko na canza mota, muka haye kogin Kwara, muka nufi Tsamiya inda iyakar take. An haɗa ni kujera da wani Alhaji Namadi, mai fataucin albasa, mutum mai faɗi da son hira. Wayoyi biyu gare shi. Ɗaya ƙarama mai maɓallai, duk ta sha jiki, da ita yake ta ihu da yaran motarsa. Ɗayar tana cikin aljihun gaba naɗe da hankici, sau ɗaya ya fito da ita ya huce ta da baki ya mayar. Na tambaye shi amfanin ta biyun.

"Wagga ta kasuwa ce," ya ce yana ɗaga ƙaramar. Ya dafa ƙirji. "Wagga kuwa ta shiga ofis. In ka aje ta bisa tebur, kamin ka buɗe baki an ba ka kujera."

A iyaka, ɓangarenmu ba a daɗe ba. Da muka tsallaka sai Faransanci ya rufe ni ta ko'ina. Wani jami'i ya ce in fito da abin da ke aljihuna. Na miƙa masa safar ina zufa, don mutum mai takalmin roba da waya irin wannan a ɓoye cikin safa, ko ni ne jami'in sai na yi zargi. Ya zazzage ta a tafinsa, ya yi wani fito, ya kira abokin aikinsa mai jin Hausa.

"Jirgin ƙasa ya taka ta?" in ji wancan.

Na ba su labari. Mai jin Hausar ya fassara, na ɗauka dariya za su yi. Na farkon bai yi ba. Ya juya safar ya dubi saƙarta, ya ce wani abu, aka gaya mini wai shi ma ubansa tsohon mai kaki ne, har rediyon gidansu ya taɓa gogewa sai da lambobin tashoshi suka ɓace. Ya mayar da wayar cikin safa a hankali, ya naɗe bakin, ya miƙo mini da hannu biyu, ya sara mata. Safa aka sara wa. Ni kuwa aka ce in koma layi in nuna katin rigakafi.

Muka wuce Kandi, muka yada zango a Faraku. Alhaji Namadi ya kai ni gidan mai masaukinsa a Zango, inda Hausa ke tashi kamar kana Yawuri, sai dai kowace jimla da ɗan Faransanci a wutsiyarta. Banɗakin gidan da kwaɗo yake, mabuɗin yana ɗaure a jikin wani guntun katako mai girman taɓarya don kada baƙo ya tafi da shi. Duk wanda ya gan ka da katakon nan ka ratsa tsakar gida ya san inda za ka, har sannu ake yi maka. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa yanka mini dasashi. Amma sakwarar garin, gaskiya ɗaya ce, ban taɓa cin irinta ba. Da miyar gyaɗa suke ba da ita, da soyayyen cukun Fulani da suke rina bayansa ja. Na ci na ƙara, na ji kunyar neman na uku.

Daga Faraku na shiga doguwar bas mai na'urar sanyi, kowa da lambar kujerarsa, ba wanda aka ɗora maka a cinya. Sanyin ya sa na sa rigunana biyu a haɗe. Ba mu yi nisa ba sai na ga mutane suna waige-waige suna taɓa hanci. Daddawar Rifkatu ce ta tashi aiki, kuma tagogin ba sa buɗuwa. Na kafa ido waje kamar ban san zancen ba. Wata mata mai ƙaton ɗaurin kai ta bi warin kujera-kujera har ta tsaya a kaina. Na shirya shan zagi, ashe saye take so. Da hannu muka yi magana, na gutsura mata kyauta, ita kuma ta ciyar da ni ayaba da gyaɗa har Kwatano.

Abin da ya fara tsaya mini a rai a Kwatano abokan sana'ata ne. Dubbansu, kowa da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, kowa da hular kwano. Na hau bayan ɗaya ina ta taka birkin da babu, don yadda yake kutsawa tsakanin motoci ko Ɗanjuma namu mai ganganci ba zai gwada ba. Mata kuwa da gaske ne suna tuƙi, da zani da jaka da takalmi mai tsini, ba mai ko kallonsu sai ni. Fetur a manyan tuluna na gilashi ake jera shi bakin titi. Da rana ta take, wasu ofisoshi da shaguna sai su ja ƙofa a tafi gida cin abinci da kishingiɗa. Mu da muke cin rogo a kan babur muna jiran fasinja, na ce lalle wasu sun iya zaman duniya.

Ɗanladi ya yi ƙiba, wuyansa ya yi layi biyu. Ya rungume ni yana ta kiran sunan da yake tsokanata da shi tun muna yara, Sarkin Garma. Tafin hannunsa laushi kamar na mai jego, nawa kuwa kanta ce tun daga tushen yatsu. Gidansa a bene yake, ƙasa duk tayil, ruwan zafi na fitowa daga bango. Matarsa Klaris 'yar ƙasar ce, ta taho da fara'a ta kawo fuskarta kusa da tawa. Ban san gaisuwar kumatu suke yi ba, na kauce hagu, ita ma ta yi hagu, muka yi karo da goshi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, daga ranar muka saba. Na tambayi Ɗanladi damina nawa ya yi wa iyayenta noma. Ya ce atamfofi ne da katon-katon na lemo da ambulan na kuɗi, an gama a yini ɗaya. Na yi dariya tare da shi, amma tawa ba ta kai ciki ba. Na tuna gonar surukina mai tsakuwa a bayan Manga.

Muna cin abinci, wani farin tuwon masara mai tsami da soyayyen kifi da ɗanyen barkono, wayarsa na ajiye a gefen faranti. Irin ta Baba ce, sai dai sabuwar fita. Tsirara take, ba riga ba gilashin kariya. Na ce ba ya tsoron ta faɗi? Ya ce wanda ya biya kuɗin ƙarfe da gilashi irin wannan ya kuma lulluɓe su da roba, me ya saya ke nan? Sai ya ture farantin.

"Ishaku, gaya min gaskiya. Baba ya yafe ni ne?"

Na ce wace irin magana ce wannan.

"Wata nawa bai ɗauki wayata ba. Na ce ya zo, ya aiko ka. Na sani. Ban yi golmo ba, na auri baƙuwa, ban zauna na noma gonarshi ba kamar kai. Niyyata in sa ma yaron ga Audu. Amma ba ni sa ma ɗana sunan mutumin da ba ya son jin muryata. In har Lahadi bai kira ba, sunan baban Klaris za a sa."

Safar tana aljihuna, ina jin tudunta a cinyata. Kalma biyu ta isa. Amma na yi alkawari, kuma ga wurin da nake tsallakewa in ina ba ku labari a tasha: alkawarin ya yi mini daɗi. Kamar kai, ya ce. A karo na farko tun muna yara na ji ina da abin da Ɗanladi ba shi da shi. Na ce masa ai ka san halin tsofaffi, na ci gaba da cire ƙayar kifi.

Washegari na ce zan je ganin teku. Na gan shi kuwa, ruwa ne mai yawa da hayaniya, ban daɗe ba. Na nemi ɗan kabu-kabu mai jin Hausa ya kai ni layin masu gyaran waya. Mutum biyu na farko da suka ga wayar kai kawai suka girgiza. Na uku wata mata ce mai tabarau, tana aiki da madubin ƙara girma. Ta sa wayar a ƙarƙashinsa, ta kira maƙwabcinta ɗan Zango ya yi mana tafinta. Ta ce cikinta lafiya lau, ko ruwan lemun tsamin bai shiga ba, don irin waɗannan da gam ake liƙe su ta ko'ina. Amma fuska sai an canza, baya sai an canza, gilasan kamara sai an canza, gefen kuma launin da aka shafa masa ya tafi, ba ya dawowa. Na ce to a canza. Ta ce na jabu tana da su, amma duk wanda ya taɓa riƙe ta gaskiya zai gane a taɓawa ɗaya. Na asali kuwa mutum ɗaya take saye a wurinsa, wani ɗan ƙasarku ne ma, Ɗanladi, ko ka san shi?

Na ce na taɓa jin sunan. Na karɓi safata na fito raina a jagule. Na ƙetare ƙasa guda, kuma ko a nan sunan da zan ji ke nan.

Ranar Asabar Ɗanladi ya ce in raka shi shago. Wuri ne mai sanyi, ko'ina gilashi, wayoyi a jere kowace a kan 'yar kujerarta. Na zauna a gefe ina kallon masu saye. Ba mai tambayar ƙarar sifika ko daɗewar caji kamar mutanenmu. Sai su ɗauka su auna a tafin hannu, su ƙwanƙwasa bayan da farce, su danna maɓallin gefe kusa da kunne su saurari ƙararsa. Da aka sami sarari Ɗanladi ya jera mini guda huɗu a kan tebur ya ce in rufe ido in taɓa. Ta farko roba ce da aka yi wa fenti, ɗumi gare ta kuma tana ɗan lotsawa. Ta biyu alminiyam, dangin tukunyar Rifkatu amma an tace shi. Ta uku bayanta tangaran ne, santsi kamar farantin baƙi, da nauyi. Ta huɗu ya ce taitaniyam ce, ƙarfen da ake sa wa jirgin sama, ya fi baƙin ƙarfe rashin nauyi kuma ba ya tsatsa. Ya ce in sa yatsa in buɗe ta gwaji. Na danna, na sake dannawa, ta ƙi. Garma ta cinye zanen yatsuna. Yaran shagon suka sunkuyar da kai suna murmushi, na ji kamar in tashi in kama hanyar Zuru a ƙasa.

Na ce, don dai in ce wani abu, duk tsadarta ko ƙyalli ba ta yi.

"Da gangan ne," ya ce. "Bayan ga gilashi ne, sai an gama shi sannan a dushe shi, don kar ya riƙe shatin yatsa. Masu kuɗi sun bar son ƙyalli, Sarkin Garma. Yanzu abin da ke walƙiya shi ne mai araha." Ya zaro mabuɗin motarsa ya karta a fuskar wayar da ƙarfi, ya goge da hannun riga, ko alama babu. "Ka gani? Mabuɗi, wuƙa, ba abin da za su yi mata. Abu ɗaya take tsoro, rairayi. Ƙwaya ɗaya a aljihu ta isa. Shi ya sa na zaɓa ma Baba irinta. Na ce tsoho ne, hannunshi na rawa, in ba shi wadda ba abin da zai iya yi mata."

Ya faɗi haka yana kallon titi, muryarsa ta yi ƙasa. Ni kuwa na zauna ina ta kokawa da kaina. In na yi shiru, gobe a sa wa yaro wani suna, Ɗanladi ya daina kira, ni in koma Manga in zama ɗa tilo a gidan da na daɗe ina yi wa bauta. Ba wanda zai ce na yi laifi, alkawari na riƙe. Sai na tuna tsohon a kan dutsen ƙofar gida ranar Lahadi, sanye da rigarsa mai aljihu biyu, ba waya a hannunsa amma bai fasa sa rigar ba.

Na zaro safar na ajiye a kan tebur tsakanin wayoyin nan huɗu. Ba da daɗin rai na yi ba, dangwarar da ita na yi.

Ya san safar kafin ya taɓa ta. Ya zazzage, ya juya wayar, ya bi zanen da babban yatsa. Sai ya kai ta hanci. Warin man goge bel bai bar ta ba.

"Goge ta ya yi?"

"Da mai, da toka, da rairayi. Wai an cuce ka, an ba ka mai datti."

Ya fashe da dariya har yana dukan tebur, yaran shago suka juyo. Can sai dariyar ta canza, ya kife fuska a kan hannunsa. Na ce wa yaran su ba mu wuri. Da ya ɗago ya ce, "Sau nawa?" Na ce kullum da safe, tun kafin ya wanke baki. Ya ce da yana ƙarami shi ke riƙe wa Baba gwangwanin man, kuma Baba bai taɓa goge abin da bai damu da shi ba, kekensa ma sai da tsatsa ta cinye shi. Na zauna ina kallonsa yana kuka da wayar a ƙirji. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushi, don ni ban san zancen gwangwanin ba.

Ranar Lahadi aka sa wa yaro Audu. Aka ci aka sha, dangin Klaris suka yi rawa da fararen hankici, na rungumi jaririn ya yi mini fitsari a rigar coci. Da zan taho Ɗanladi ya ba ni sabuwar waya a kwali, irin ta Baba sak, launi ɗaya, ya ce in cire ta daga kwalin in sa a safa in ce an gyara. Tsohuwar kuwa ya ce ba mai taɓa ta, ya sa ta a aljihun gaban rigarsa. Sannan ya ce yana da tsarabata. Ya shiga ciki, na sa rai, don na ga inda ya ajiye mai bayan tangaran ɗin. Ya fito da hular kwano. Hula ce mai kyau, ban ce ba, ita ce kuke gani a kaina. Na yi godiya yadda ya kamata.

Dawowa ba abin da ya faru sai tayar da ta fashe mana kusa da Kandi. Na isa Manga da la'asar na tarar da Baba Saje a kan dutsensa. Bai tambaye ni hanya ba, hannu ya miƙo. Ya zazzage safar, ya juya wayar gaba da baya, ya shafa gefenta. Ya daɗe.

"Wagga ba ta san hannuna ba," ya ce. "Ina tawa?"

"Tana aljihun Ɗanladi, Baba."

"Ka faɗa mai."

"Na faɗa."

"A bariki, wanda aka ba sirri ya kai ma abokan gaba, ka san abin da ake yi mai?"

Na ce na sani. Ya kawar da kai yana kallon gonar dawa. Na tsaya riƙe da hular kwano kamar wanda ya zo biko. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wane suna aka sa?"

"Audu."

Ya tashi da kyar ya shiga ɗaki, na ɗauka shi ke nan, ya gama da ni. Sai ga shi ya fito da rigar nan mai aljihu biyu, ya ɓalla maɓallanta har wuya, ko da yake ranar ba Lahadi ba ce. Ya zauna ya miƙe baya, ya miƙo mini wayar.

"Kira shi. Kai ka riƙe, ni ban ƙara taɓa ta."

Na kira, na tsaya a gabansa na ɗaga masa ita daidai fuska. Na ji muryar Ɗanladi ta ce Baba. Suka yi ta magana, rabi Hausa rabi yarenmu na C'lela, aka kawo jariri, aka kawo Klaris, aka koma kan gwangwanin mai suna dariya. Ni ba na ganin kowa a ciki, ba kuma mai ganina. Bayan wayar kawai nake kallo, dushi-dushi, yadda masu kuɗi ke so. Kishin nan da na tafi da shi Kwatano na dawo da shi, yana nan inda yake. Hannuna ya fara sagewa, hoton ya soma rawa.

Baba Saje ya ɗaga ido ya dube ni ta saman wayar, ya mayar kan ɗansa.

"Ɗanladi, yi maza ka juyo min da mai sunana in ƙara ganinshi. Yayanka ya sha hanya, hannunshi ya gaji."

Watanni kaɗan na ba Ɗanladi, kuma tun da nake a gidan nan tsohon bai taɓa kirana da haka ba. Na sa ɗaya hannun na tallafe gwiwar hannuna, na ce su ci gaba, ban gaji ba.